Bindigar Da Aka Sayar: Ta Wa Ce Ranar Da Hukuma Ta Kama Ta?



Kwamitin shirya taro ya nemi mu ce wani abu a kan tsaro. Tsaro kuwa fage ne mai faɗi, wanda rabin sa'a ba za ta ishe shi ba, saboda haka muka zaɓi wata 'yar kusurwa wadda ba a cika waiwayarta ba sai ranar da ta rutsa da mutum. Ga tambayar: idan 'yan sanda suka kama bindiga, ko a hannun ɗan fashi, ko a daji, ko a shingen bincike a kan hanya, alhali wanda ya fara mallakarta ya daɗe da sayar da ita, to ta wa ce? Wa kuma zai amsa tambayoyi a kanta? Mu dai alli da allo muka sani, ba aikin lauya ba, amma dokar a rubuce take, karatu kuwa shi ne sana'armu.

A kasuwanninmu, da zarar mai kaya ya ce ya sallama, mai saye ya biya, dillali ya karɓi la'adarsa, magana ta ƙare. Ragon da ka sayar ranar kasuwa, in ya shiga gonar wani washegari, ba kai za a kira gaban mai unguwa ba. Haka kuma malaman fiƙihu suka karantar da mu, cewa ciniki ingantacce yana ɗauke mallaka daga hannu zuwa hannu. Wannan fahimta ce ta zauna mana a zuciya, kuma daidai ce a kan rago da keke da buhun gero. Ku da kuke zaune a birane kun riga kun san inda ta fara gazawa, wato a kan mota, domin wanda ya sayar da mota bai canza takardu ba ya san ƙofar da za a ƙwanƙwasa in ta buge wani ta gudu. To, al'amarin bindiga ya fi na mota tsanani nesa ba kusa ba.

Dalili shi ne Dokar Bindigogi ta 1959, wadda aka kafa shekara guda kafin samun 'yancin kai, kuma har yanzu ita ce ginshiƙin wannan sha'ani. Dokar ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai haramtattu, irin su bindigogin yaƙi na soja, da mashin-gan, da ƙananan bindigogin aljihu, waɗanda ba mai ba da izinin riƙe su sai Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sannan ga namu na gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, wato adaka da 'yan'uwanta, waɗanda al'amarinsu yake hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Abin lura a nan shi ne lasisi ba ya bin bindiga kamar yadda igiya take bin rago. An ɗaura shi ne a kan mutum guda da bindiga guda mai lamba guda. Dokar ta hana kowa, ko dillalin makamai mai rajista ne ko ba shi ba ne, ya sayar ko ya miƙa bindiga ga wanda bai nuna nasa lasisin ba, ta kuma hana sayar da bindigar da ba a buga mata sunan maƙerinta da lambarta ba. Ke nan cinikin da aka ƙulla a zaure, komai yawan dattawan da suka shaida shi, hukuma ba ta san da zamansa ba. A littafinta sunan mutum na farko ne yake nan daram.

Bari mu buga misali, ba da kowa muke ba. Wani ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, ya sayi bindiga mai baki biyu shekaru talatin da suka wuce, da lasisinsa da komai, yana fita farautar zabi ranar hutu. Ya yi ritaya, gwiwa ta fara ciwo, kuɗin makarantar yara ya taso, sai ya sayar wa mai kula da gonarsa a gida, mutumin kirki wanda ya sani tun suna yara. Ya haɗa masa har da tsohon littafin lasisin, a zatonsa ya kyauta. Bayan shekara biyu mai gona ya ara wa surukinsa da yake cikin 'yan banga. Wani dare aka yi arangama, bindiga ta faɗi, ɓarayin daji suka tsince ta. Bayan wasu shekaru jami'an tsaro suka kai samame, suka kwaso makamai, har da ita. Jami'in bincike zai goge tsatsa ya karanta lamba, a buɗe rajista, sunan da zai fito kuwa na tsohon nan ne da yake zaune a Kaduna yana jiran fansho.

A wannan rana mutum uku ne suke da alaƙa da bindigar: wanda sunansa yake rajista, da wanda ya biya kuɗi, da wanda aka same ta a hannunsa. Amma kafin a saurari kowa, ita bindigar ta riga ta zama kayan shaida. Za a rubuta ta a littafi, a manna mata lamba, a damƙa wa ma'ajin kayan shaida, kuma can za ta zauna har a gama shari'a, ko da shari'ar za ta ci shekara biyar. Kotu ce a ƙarshe take da ikon cewa a ƙwace ta ta zama ta gwamnati, ko a lalata ta, ko a mayar wa wanda ya cancanta. Baturen 'yan sanda na yanki ba shi da hurumin raba gardamar mallaka, komai sanayyar da ke tsakaninku.

Mu fara da mai sayarwa, domin shi ne abin tausayi a cikinsu. Ta fuskar dukiya ba shi da komai. Ya karɓi kuɗi, ya miƙa kaya, ba zai dawo ya ce tasa ce don kawai sunansa yana rajista ba. Ko da mai saye bai cika masa kuɗinsa ba, abin da yake bi bashi ne, ba bindiga ba, kuma ƙa'ida ce sananniya cewa kotu ba ta taimaka wa mutum ya karɓi haƙƙin cinikin da doka ta haramta tun asali. Amma ta fuskar alhaki komai yana wuyansa. Shi zai bayyana ranar da bindiga ta bar hannunsa, da wanda ya ba, da dalilin da ya sa bai nemi ganin lasisi ba. In mai gonar yana raye kuma ya amsa, to da sauƙi, sai dai laifin sayarwa ba bisa ƙa'ida ba yana nan. In kuwa ya rasu, ko tsoro ya kama shi ya ce shi bai taɓa ganin wannan bindiga ba, to tsohon nan ya rage daga shi sai bakinsa. Ya rabu da amfanin bindiga tun shekaru, amma bai rabu da sharrinta ba ko na kwana ɗaya.

Abin bai tsaya nan ba. Akwai Dokar Fashi da Makami ta 1984, wadda gwamnatin soja ta kafa a matsayin doka ta 5 ta wannan shekara, kuma tana aiki har yau. Ta tanadi tarar naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda aka samu da bindiga ba bisa doka ba. Matasa za su yi murmushi da jin naira 20,000, amma a wancan lokaci kuɗin ya isa mutum ya sayi sabuwar Fijo har ya yi canji, kuma shekara 10 ɗin ba ta rage daraja ba kamar yadda naira ta rage. Sashen da ya fi ba mu tsoro shi ne wanda ya ce duk wanda ya samar wa wani bindiga domin a yi fashi da ita, hukuncinsa ɗaya da wanda ya yi fashin, ko da ba ya wurin, hukuncin fashi da makami kuwa kisa ne. Gaskiya ne sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar da cewa mutum ya san abin da za a yi da ita, kuma Tsarin Mulki na 1999 ya ɗauki kowa a matsayin marar laifi har sai kotu ta same shi da laifi. Amma wanda ya san yadda shari'a take tafiya a ƙasar nan ya san cewa kafin gaskiya ta yi halinta, gona ta tafi wajen biyan lauya, lafiya ta tafi a wurin tsare, suna kuma ya ɓaci a gari, har ya shafi auren 'ya'ya.

Shi kuma mai saye, kuɗinsa sun bi ruwa. Ba zai iya zuwa caji ofis ya ce a ba shi bindigarsa ba, domin wannan magana kanta amsa laifi ce. Akwai ma abin da ya fi haka. Ba kowace bindiga da ake sayarwa a ɓoye ce mai sayar da ita yake da ikon sayarwa ba. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ambaci makamai 178,459 da ba a ga bayaninsu ba a rumbunan 'yan sanda ya zuwa watan Disamba na 2018, daga ciki 88,078 ƙirar AK-47 ne. Rundunar ta yi jayayya da yadda aka fassara rahoton, amma ko kashi ɗaya cikin goma ne ya tabbata, ya isa ya sa mai hankali ya tsaya ya yi tunani. Mutum ba ya sayar da abin da bai mallaka ba, a shari'ar Musulunci haka yake, a dokar ƙasa ma haka yake. Bindigar gwamnati ta gwamnati ce ko ta ratsa hannu goma, kuma ta yiwu an kashe mai ɗamarar da yake riƙe da ita kafin ta shigo kasuwa. Dokar Shaida ta 2011 ta ba kotu damar ɗaukar wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan satar a matsayin ɓarawon ko mai karɓar kayan sata, sai fa in ya kawo gamsasshen bayani. Wane bayani ne mutum zai kawo a kan bindigar da ya saya da daddare a bayan tasha?

Mutum ɗaya ne yake da kyakkyawan fatan bindigarsa ta dawo masa, shi ne mai lasisi mai rai wanda aka sace masa ita, ya kuma sanar da hukumar da ta ba shi lasisin cikin kwana 14 kamar yadda doka ta ce. Sata ba ta ɗauke mallaka, don haka bayan shari'a yana iya neman kotu ta mayar masa. A nan ne Shaiɗan yake shigowa, ya raya wa wanda ya sayar cewa ai mafita ita ce ya ce sace ta aka yi. Muna roƙon 'yan'uwa su guji wannan. Tambayar farko da za a yi ita ce ina rahoton da ka kai a lokacin, ta biyu kuma za ta fito daga wayar mai saye ko daga bayanan banki. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ba da bayanin ƙarya ga hukuma wani laifin ne na daban a kan na farko.

Za a ce mana, to ai yawancin bindigogin da ke garinmu ba su da lamba balle rajista, maƙera ne suka ƙera su. Haka ne, kuma wannan bai sauƙaƙa al'amarin ba, sauya masa kama kawai ya yi. Adaka ba ta da lamba, amma tana da layar da aka ɗaura mata, da fatar da aka naɗe mata gindi, da gyaran da maƙeri ya yi mata wanda zai gane hannunsa ko cikin duhu. A ƙauye kowa ya san bindigar wane, kamar yadda aka san jakin wane. Ranar da aka baje ta a gaban jama'a, yaro ma zai ce ai wannan ta gidan su wane ce, ba zai san an sayar da ita bara ba. Rajistar baki ta fi ta takarda wuyar gyara. A baƙon wuri kuwa ba mai yi wa irin wannan bindiga magana sam. Ba mu manta da abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, inda aka kashe matafiya 16, mafarauta da suka taso daga Fatakwal za su gida Kano yin Salla, bayan an ga bindigogin gargajiya a motar da suke ciki. Kisan zalunci ne wanda babu wani uzuri da zai wanke shi, Allah ya jiƙansu. Mun ambace shi ne domin masu zirga-zirga tsakanin gida da kudu su san irin idon da ake kallon wannan kaya da shi a hanya.

Sai maganar gado, wadda ta shafi da yawa daga cikinmu ba tare da mun sani ba. Mahaifi ya rasu, an raba gona da gida da tufafi, bindiga kuwa tana rataye a bayan ƙofa, sai a ce babban wa ya riƙe, ko a sayar wa wani maharbi a zuba kuɗin cikin rabo. Doka ta ba magada kwana 14 ne kacal bayan rasuwar mai lasisi su riƙe bindigar, wato kafin a yi sadakar arba'in ma wa'adin ya daɗe da cika. Lasisi ba ya shiga gado. In irin wannan bindiga ta fito a wurin laifi, sunan mamaci za a gani, 'ya'yansa kuma za a nema. Yana da kyau a sani cewa Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana kama wani a madadin wani, saboda haka ba a tsare ɗa don laifin uba. Amma ɗan da ya sa hannu ya sayar, nasa laifin ne za a tambaye shi.

Yanzu mun zo kan abin da ya sa muka zaɓi wannan batu a gaban wannan taro musamman. Tun da matsalar ɓarayin daji da masu satar mutane ta tsananta, ƙungiyoyin ci gaban garuruwa da dama sun shiga tara gudummawar tsaro, kuma mazauna birane su ne masu zuba kaso mafi tsoka. Niyya ce mai kyau, domin ba wanda zai iya barci a Abuja ko Legas alhali mahaifiyarsa tana kwana a daji. Shugabanni ma sun yi irin wannan kira. Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a a 2021 da su tashi su kare kansu, a watan Yuni na 2022 kuma gwamnatin Zamfara a ƙarƙashin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisin riƙe bindiga. Amma Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko, domin sha'anin makamai yana cikin jerin abubuwan da Tsarin Mulki ya keɓe wa Gwamnatin Tarayya ita kaɗai. A 2023 kuma Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya bayyana cewa rundunar ta dakatar da ba da sabon lasisi. Jawabin gwamna a rediyo ba lasisi ba ne, kuma ba lauyan da zai iya miƙa shi a gaban alƙali a madadin takarda.

To, in ƙungiya ta tara kuɗi aka sayo bindigogi aka raba wa 'yan banga, bindigogin na wa ne? Ƙungiya ba ta da lasisi. Saurayin da aka ba ba shi da lasisi. Abin da yake rubuce kawai shi ne sunan ma'ajin da ya fitar da kuɗi daga asusu, da sunan wanda ya je ya sayo, da jerin sunayen masu gudummawa da aka yi ta yaɗawa a WhatsApp ana sa musu albarka. Yau saurayin nan jarumi ne, amma gobe yana iya harbin wanda bai ji ba bai gani ba a kan gaba ta gona ko ta aure, ko talauci ya sa ya sayar da bindigar ga mutanen da aka saye ta dominsu. Ranar da aka kama ta, igiyar za ta biyo ta kan waɗannan sunaye ɗaya bayan ɗaya, har ta iso ofisoshinku da shagunanku a birni. Malamanmu na fiƙihu tun da daɗewa sun hana sayar da makami a lokacin fitina ga wanda ake tsoron zai yi ɓarna da shi, kuma hikimar ita ce mai miƙa makami ba shi da iko da inda bakinsa zai juya. A ra'ayinmu, kuɗin ƙungiya ya tsaya a kan abin da za a iya rubutawa a rahoton shekara ba tare da fargaba ba: babura, man fetur, fitilu, takalma, wayoyin sadarwa, alawus, da kula da iyalan waɗanda suka rasa rayukansu. Abin da ya shafi makami a bar shi tsakanin hukuma da rundunonin tsaron al'umma da jihohi suka kafa da doka.

Saura waɗanda aikin gama ya riga ya gama, wato sun sayar ko sun bayar tun shekarun baya. Ba za mu ce kowa ya tashi gobe da safe ya nufi caji ofis shi kaɗai ba, domin bayanin da zai yi yana ɗauke da amsa wani laifi, kuma Tsarin Mulki ya ba kowa damar ya yi shiru har sai ya gana da lauyansa. A fara da lauya. Alhamdu lillahi wannan ƙungiya tana da 'ya'ya lauyoyi da tsofaffin jami'an 'yan sanda, muna ba da shawarar a kafa ɗan ƙaramin kwamiti daga cikinsu wanda mutum zai same shi a asirce. A nemi wanda aka sayar wa tun yana raye, tun shaidu suna raye, a rubuta ranar ciniki da lambar bindiga da kuɗin da aka biya, kowa ya sa hannu. Wannan takarda ba za ta halatta cinikin ba, amma za ta nuna ranar da bindiga ta bar hannu, kuma sau da yawa wannan ranar ita ce take raba mai shaida da wanda ake tuhuma. In bindigar tana nan, mafi alheri a karɓo ta ta hannun lauya a miƙa wa 'yan sanda, ko ga Cibiyar Ƙasa ta Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai da aka kafa a 2021 a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, a kuma karɓi takardar shaidar miƙawa mai ɗauke da lamba da kwanan wata da hatimi, a yi mata kwafi a adana a wuri biyu.

Game da bindigogin maharba da na 'yan bindigar hawan Salla, muna roƙon mai girma Hakimi, Allah ya ƙara maka lafiya, ya umarci Sarkin Baka da masu unguwanni su buɗe littafi guda, a rubuta kowace bindiga da kamanninta da mai ita, in ta sauya hannu ta hanyar ciniki ko kyauta ko gado a rubuta ranar, a kuma kai wa Baturen 'yan sanda kwafi domin a san matsayin kowace a wurin Kwamishina. Littafin rajistar makaranta mai bango mai kauri ya isa wannan aiki, kuma akwai tsofaffin malamai a kowace unguwa da za su riƙe alƙalamin ba tare da an biya su ba.